Kalmar da Baba Ya Ƙi Binnewa

Litinin, 11 ga Fabrairu 1974, ƙarfe huɗu na yamma

Masu haƙar kwal sun shiga yajin aiki. Dama tun farkon shekara kwana uku kawai ake ba ma'aikatu wuta a mako, mu kuma da ke haɗa ƙamus an lissafa mu cikin ma'aikatu. Abin alfahari ne. Shekara goma sha biyu ina wannan aiki, bana ne aka fara ɗaukar mu a matsayin masu yin wani abu. Da kyandir nake rubutu, ko kwat ban cire ba.

Mun kai harafin P. Juzu'in zai tafi maɗaba'a ranar takwas ga Maris, in ji Dakta Threlfall, babban editanmu, da irin muryar da alƙali ke yanke hukunci.

Kalmar da ta faɗo teburina yau ita ce parvity. Ma'anarta ƙanƙanta. Daga Latin ta zo: parvus, ƙarami, parvitas, ƙanƙanta. Wani malamin da ya ga kalmarmu ta gida ta yi masa arha ne ya ɗinka wa ta Latin ɗin riga ya shigo da ita, shekaru ɗari uku da wani abu da suka wuce. Ba ta taɓa farin jini ba.

Fallaye goma sha tara ne a ambulan ɗinta, kowanne da jimla ɗaya da wani mai karatu ya ci karo da ita a littafi, ya kwafa da hannu, ya sa shekara da shafi, ya aiko mana kyauta. Goma sha takwas duk sun tsaya kafin 1890. Na sha tara ya ce 1936. Tun kafin in karanta na gane rubutun. Na Baba ne.

Da rana na je asibiti, ɗaki na huɗu, inda Baba yake kwance da shanyewar ɓarin jiki. Babu canji.

Talata, 12 ga Fabrairu, ƙarfe ɗaya

Dakta ya kira ni, ya rufe ƙofa da kansa.

"Malama Gornall, wannan fallen naki."

"Ba nawa ba ne, Dakta. Na Cuthbert Gornall ne."

"Na sani. Shi ya sa na rufe ƙofa."

Ya karanta jimlar a hankali: *Duk wanda ya leƙa ya ga parvity ɗin abin da Allah ya ba mu, sai ya kau da kai ya kama maganar ruwan sama.* A ƙasa Baba ya rubuta: *Mujallar coci, Afrilu 1936, shafi na uku.*

"Wace coci?" in ji Dakta. "Coci nawa ne a ƙasar nan? Mutumin da shekara arba'in bai taɓa manta lambar shafi ba, yau ya manta sunan mujalla? Kuma a kan kalmar da ba a ƙara jin ɗuriyarta ba shekara hamsin?"

Dokoki biyu na gidan ne suka shafi wannan, ni ma na koya wa wasu su. Ta farko: kalmar da ba mu da shaidar an yi amfani da ita bayan 1900, ana zana mata ɗan gicciye a gabanta, alamar ta mutu. Ta biyu an kafa ta ne bayan da aka kama wani tsohon hedimasta ya ƙirƙiro jimloli kusan ɗari biyu don ya ga sunansa a littafi. Tun daga nan, mai karatun da aka samu falle ɗaya nasa na ƙarya ne, ana fitar da dukan fallayensa, a goge sunansa daga jerin waɗanda ake gode wa.

Fallayen Baba dubu talatin da ɗaya ne. A ɗakin sigina na reluwe ya rubuta su, tsakanin jirgi da jirgi, da fitilar kananzir. Aji shida ya yi a makaranta. Sunansa yana shafin godiya na kowane juzu'i tun daga harafin D, kuma ya san lambar kowane shafi.

Na ce, "Ka ba ni zuwa ranar takwas."

"Ki tambaye shi mana, ai..." Sai ya tsaya, kunnuwansa suka yi ja. "Ki gafarce ni. Yaya jikin nasa?"

"Babu canji."

Laraba, 13 ga Fabrairu, ƙarfe sha ɗaya

Na shimfiɗa fallayen a ƙasa na rarraba su, don tebur ya yi kaɗan. Tuli uku suka tashi.

Na farko shi ne ƙanƙanta ta zahiri. Masu binciken halitta ne suka fi son ta: ƙwayar yashi, idon ƙuda, tauraron da ba a gani sai da madubi. Na biyu na malaman coci ne, masu kiran kansu "ƙanƙantata" a wasiƙa, wato ni ɗan ƙaramin bawanka. Na lura duk wanda ya rubuta haka muƙami yake nema. Na uku shi ne wanda aka koya mana muna yara ba tare da kalmar ba: laifin da abin da aka yi shi a kansa ya yi ƙanƙanta har bai isa ya kai mutum wuta ba. Satar allura laifi ne, amma allura ce.

Doreen mai buga mana tafireta ta shigo ta same ni a durƙushe.

"Kai, Doguwa! Ke da kike gware da saman ƙofa aka ba kalmar ƙanƙanta? Wa ya yi wannan rabon?"

"Harafi ne ya yi, Doreen. Ba ya duba tsawo."

"To tashi kafin Dakta ya zo ya zaci addu'a kike, ya ce Katolika sun mamaye ofis."

Fallen Baba na ajiye shi gefe guda. Mene ne abin da Allah ya ba su a Afrilun 1936? Amfanin gona, ina tsammani. Ko sadakar Lahadi.

Juma'a, 15 ga Fabrairu, ƙarfe biyar

Laburaren lardi. Matar da ke wurin ta dube ni kamar na tambaye ta tsofaffin tikitin bas. "Mujallun coci? Ba ma ajiye irin waɗannan, malama. Da su ake hura wuta."

Baba ya yi aiki a ɗakunan sigina huɗu kafin yaƙin duniya. Na buɗe taswira na ƙirga coci goma sha ɗaya a bakin layin dogon, namu da na sauran ɗariƙu, don Baba ko takardar naɗe kifi ya samu sai ya karanta. Na rubuta wasiƙa goma sha ɗaya. Zan same ta.

Asabar, 16 ga Fabrairu, ƙarfe bakwai na yamma

Goggo Mena ta dafa dankali da naman rago, ta tsaya a kaina har na ci. Ƙanwar Baba ce, ita ta raine ni, kuma har yau ba ta yarda na girma ba, ta dai yarda na yi tsawo. Ta ajiye kwano uku, ta tsaya tana kallonsu, sannan ta mayar da ɗaya kabad.

"Veronica, me kike nema ne haka da har kika rame?"

"Wata kalma ce, Goggo. Tsohuwa. Ba za ki san ta ba."

"A'a, ina ni ina sani. Ku ne 'yan jami'a. Miƙo gishiri."

Lahadi, 17 ga Fabrairu, bayan coci

Na fara da tamu cocin. Fada Rigby, sabon limaminmu mai babur, ya sauka da ni ɗakin ƙasa yana ta fara'a. Mujallun suna nan a ɗaure shekara-shekara, sai dai ambaliyar da aka yi shekara ashirin da suka wuce ta kai har kantar ajiya ta uku. Daga 1929 zuwa 1940 sun manne sun zama bulo guda baƙi. Na sa wuƙar buɗe wasiƙa, sai abin ya ruguje a hannuna.

"Sun zama kunu, 'yata," in ji shi. Na girme shi da shekara takwas. "Ki bar wa Allah."

Na ce masa Allah ba ya cikin kwamitin editocinmu. Bai yi dariya ba.

Talata, 19 ga Fabrairu

Amsa biyu. Babu, babu.

Laraba, 20 ga Fabrairu, ƙarfe uku

Na kai wa Baba fallen. Na san bai kamata ba.

Sun yi masa aski, sun raba gashin ta gefen da ba ya rabawa. Hannun dama yana kan bargo kamar safar hannun da wani ya manta a bas. Abin da ya faru a bakin murhu ranar Lahadin ƙarshen Janairu ba zan rubuta shi a nan ba. Na riƙe takardar a gaban idonsa na ce, "Baba, wace mujalla ce wannan?"

Ya karanta. Na ga idon yana bin layi, har ƙarshe. Sai ya dube ni, ya daɗe, bakinsa ya motsa, abin da ya fito ba kalma ba ce. Sannan ya juya fuska wajen bango.

"Ya gaji, ƙawata," in ji nas ɗin. "Kada ki riƙa kawo masa aiki."

Shekara talatin da takwas na san mutumin nan. Ba gajiya ba ce. Kunya ce na gani.

Alhamis, 21 ga Fabrairu

Ban je ba.

Juma'a, 22 ga Fabrairu, ƙarfe ɗaya da rabi

Doreen ta kawo kifi da soyayyen dankali a takarda, muka ci a kan akwatunan harafin Q. Na gaya mata komai, ban san dalili ba.

"To wai meye wahalar?" in ji ta. "Falle ɗaya ne fa. Ga kyandir a kowane tebur. Haɗari ba ya sallama."

"Dakta ya riga ya gani."

"Dakta ko hularsa ba ya tuna inda ya ajiye. Ki ce ya ɓace. In babu falle babu shari'a. Kalma ta sha gicciyenta, tsohonki ya ci gaba da zama a littafi. Wa ya mutu?"

Na ce mata in na ƙone shi, na yarda ke nan cewa ƙarya ya yi. Ta lashe yatsa ta ce, "In kuma ya yi fa, Doguwa?"

Da ta fita na ɗauko tuli na uku na sake karantawa. Malaman sun yi ta gardama a kan allura nawa ne ke haɗuwa su zama babban laifi. Ba su daidaita ba. Babu wanda ya ambaci fallen takarda.

Ba zan ƙone shi ba.

Asabar, 23 ga Fabrairu, ƙarfe shida na yamma

Coci uku a rana ɗaya, bas biyar, ruwa bai tsagaita ba. A ta farko ba su fara buga mujalla ba sai bayan yaƙi. A ta biyu mai gadin ya ce an ba da tsofaffin takardu duka lokacin yaƙi, aka narka su. A ta uku suna da ta Afrilu 1936, tsaf da ita. Na buɗe shafi na uku. Rahoton gasar furanni ne. Wata Malama Sowerbutts ce ta zo ta ɗaya.

Ina taya Malama Sowerbutts murna.

Litinin, 25 ga Fabrairu

Amsa uku. Saura biyu. Na je ɗaki na huɗu. Na karanta masa jarida, bai juyo ba.

Laraba, 27 ga Fabrairu, ƙarfe goma sha biyu

Na rubuta asalin kalmar, na rubuta ma'anoni ukun, na jera jimlolin bisa shekarunsu. Aikin ya yi kyau. Gurbi biyu na bari: gaban kalmar, inda gicciye zai zauna ko ba zai zauna ba, da layin ƙarshe.

Na tuna yadda Baba yake yi in ya gamu da kalmar da aka sa wa gicciye. Sai ya cire tabarau ya ce, "Wa ya ce ta mutu? An ga gawa?" Ina 'yar shekara tara nake yanka masa fallaye daga bayan tsofaffin takardun reluwe. In na yanka a karkace sai ya ce in sake, wai mutanen ƙamus manyan mutane ne. Yanzu ni ce mutanen ƙamus. Da ya ga yadda muke shan shayi a kofunan da ba a wankewa.

Mutumin da ke tambayar ko an ga gawa, zai iya ƙirƙiro jimla don ya hana jana'iza? Zai iya. Wannan ne abin da nake gudun rubutawa tun Larabar da ta wuce. To, na rubuta.

Alhamis, 28 ga Fabrairu

Ranar zaɓe. Na jefa ƙuri'a, ban tuna wa na ba ba. Amsa ta goma ta zo: babu.

Juma'a, 1 ga Maris, ƙarfe huɗu

Na iso da safe na tarar da akwatuna shida na fallayen Baba a baranda, an ɗora musu takarda: *a dakata.* Na kwashe su ɗaya bayan ɗaya na mayar kan kanta. Dakta ya fito ya same ni da na ƙarshe a hannu.

"Malama Gornall, shiri kawai nake yi. In aka zo fitar da su, aikin wata shida ne."

"Yau ɗaya ga wata, Dakta."

"Na san kwanan wata."

"To ka san ba takwas ba ne."

Ya matsa ya ba ni hanya. Ba mugu ba ne. Shi ne ya gano hedimastan nan yana matashi, kuma tun daga lokacin bai ƙara yarda da rubutun hannu mai kyau ba.

Amsa ta sha ɗaya ta zo da la'asar. Limamin ya yi min addu'a shafi biyu. Babu.

Lahadi, 3 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Zan rubuta wannan daki-daki, don kada gobe in gyara shi yadda zai fi yi min daɗi.

Ina fere dankali a kicin, Goggo tana yanka kabeji. Jimlar ta riga ta zauna min a baki kamar waƙar talla, ban ma san na furta ta ba. "Duk wanda ya leƙa ya ga parvity ɗin abin da Allah ya ba mu, sai ya kau da kai ya kama maganar ruwan sama."

Ba ta ko ɗaga kai ba ta ce, "Amma matan layinmu ba su kau da kai ba."

Na ce, "Me kika ce, Goggo?"

"Ci gabanta ke nan. Ai wasiƙar babanki ce. Ina kika samo ta?"

Na ajiye wuƙar. Na ce mata wannan ce kalmar da nake nema mako uku.

"Wannan? Yo ke kika ce ba zan san ta ba! Da kin buɗe baki kin faɗa, da ba ki kashe takalminki a bas ba. Oh ni, wai 'yar jami'a!"

Ta goge hannu a rigar girkinta ta hau sama. Na ji tana jan kujera, na ji ƙofar kabad. Ta sauko da akwatin takalmi na kwali, ya yi launin shayi, an ɗaure shi da zare. A ciki akwai auduga da ta koma rawaya, da 'yar hular saƙa da ba za ta rufe lemo ba, da ɗan bututun gilashi mai kan roba, irin wanda ake ɗura wa alƙalami tawada da shi. A ƙarƙashinsu, a ninke, mujallar cocinmu. Afrilu 1936.

Shafi na uku. Na kwafe ta a nan:

*Ranar sha huɗu ga Janairu aka haifa mana 'ya, wata biyu kafin lokacinta, nauyinta bai fi ƙunshin sukari ba sai kaɗan. Unguwarzoma ta yi mata baftisma nan take da ruwan buta, don ba ta zaci za a kai ga kiran Fada ba. Duk wanda ya leƙa ya ga parvity ɗin abin da Allah ya ba mu, sai ya kau da kai ya kama maganar ruwan sama. Amma matan layinmu ba su kau da kai ba. Mako bakwai suna karɓa-karɓa, suna gasa bulo a murhu suna naɗe shi a kewaye akwatin, suna ɗiga mata madara ɗigo-ɗigo. Mahaifiyarta ba ta zauna ta gani ba. Yarinyar tana nan, jiya ta yi kukan da aka ji a titi. Na rasa yadda zan gode, shi ya sa na rubuta. Wani uba.*

An sha gaya min an haife ni da wuri, kamar yadda ake cewa jirgi ya iso da wuri. Na san Mama ta rasu bayan kwana tara. Iyakar abin da ake faɗa a gidan nan ke nan, ni kuma ban taɓa tambaya ba. Na tambayi limamai goma sha ɗaya.

"Me ya sa bai ce 'yar ƙarama ba kawai?" na ce, don in samu abin cewa.

"Ai na faɗa masa. Na ce Cuthbert, wa zai gane wannan? Ya ce kowane jariri ƙarami ne, wannan kuwa sai an nemo mata tata kalmar. A wani littafin wa'azi ya tsince ta a sanyin nan, yana nemo wa mutanenku na ƙamus jimloli. Kullum da ita yake kiran ki har kika fara zama." Ta dube ni daga ƙasa zuwa sama. "Da mun san haka za ki zama, da mun rage madarar."

Dankalin da muka ɗora daga baya ya ƙone.

Litinin, 4 ga Maris, ƙarfe goma na safe

Yanzu na gane kunyar. Bai ƙirƙiri komai ba, amma akwai doka ta uku, wadda ake rubuta wa kowane mai karatu a takardar farko: ba a kawo shaida da rubutun kai. Ya rubuta wasiƙar don godiya. Da ya gan ta a buge, baƙi a kan fari, da shekara da shafi, sai hannunsa ya kasa haƙuri. Ya kwafa, ya sa kwanan wata daidai, shafi daidai, ya bar sunan cocin don kada a bi sawu. Ƙarya ba zai iya ba, sai ya yi shiru da rabin gaskiya.

Wasiƙar ba ta da suna. *Wani uba.* Zan iya ajiye mujallar a gaban Dakta in rufe bakina. Sunan Baba ya tsira, kalmar ma ta tsira daga gicciye, kamar yadda ya so.

Sai dai ƙamus zai ce a 1936 mutanen Ingila suna amfani da wannan kalma. Ba sa yi. Mutum ɗaya ne, a kan mutum ɗaya.

Talata, 5 ga Maris, ƙarfe biyu

Na ajiye mujallar da fallen a teburin Dakta. Ya sa tabarau, ya gwada su kalma da kalma da bakin fensir.

"Daidai," in ji shi. "Ko waƙafi bai tsallake ba. Malama Gornall, ina neman afuwarki, da tasa."

"Ka dakata da afuwar, Dakta. Shi ne ya rubuta wasiƙar."

Ya ɗago. Ya koma ya karanta ta tun daga farko, wannan karon ba da fensir ba. Ya daɗe. Sannan ya dube ni, duk tsawona, ya sake duban takardar.

"Ke ce...?"

"Haka aka ce."

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. "Kin san da kin yi shiru ba zan taɓa sani ba?"

"Na sani."

"Ki bar min zuwa jibi."

Laraba, 6 ga Maris

Ban yi aikin komai ba. Na wanke duk kofunan ofis.

Alhamis, 7 ga Maris, ƙarfe sha ɗaya

Dakta ya shigo da kansa, bai zauna ba.

"Dokar korar mai karatu ta ce ƙirƙira. Wannan ba ƙirƙira ba ce: an buga, ga ta, an kwafa daidai. Akwatunan suna nan, sunan yana nan. Dokar hana shaida da rubutun kai ce ya karya, kuma hukuncinta a kan fallen yake, ba a kan mutumin ba. Ba za a ƙirga shi shaidar cewa kalmar tana raye ba. Mutumin da ya tono kalma a tsohon littafi ya ara na yini ɗaya bai tayar da ita ba."

"Na yarda."

"Za a sa jimlar a ƙarshe, da ƙananan baƙaƙe, a ce ta aro ce. Gicciyen kuma..."

"Ni zan zana."

A bakin ƙofa ya juyo. "Na ga a ma'ana ta uku kin yi bayanin allura. Mu a ɗariƙarmu ba mu da wannan rangwamen. Na fara ganin amfaninsa."

Doreen ta buga shafin tana jan hanci, wai mura ce. Na ɗauki alƙalami na zana gicciyen: layi ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance. Na zana irinsa fiye da dubu.

Juma'a, 8 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Juzu'in ya tafi da safe. An ce yajin ya ƙare, wuta za ta dawo.

Na tafi ɗaki na huɗu da akwatin a cikin jakar cefane. Fuskarsa na wajen bango. Na ja kujera na ce, "Baba, na samo ta. A saman kabad ɗin Goggo."

Bai motsa ba.

"Na gaya wa Dakta kai ka rubuta. Sunanka yana nan, shafi na sha biyu. Jimlar ma ta shiga." Na tsaya. "Amma na sa mata gicciye."

Sai ya juyo a hankali. Girarsa ta hagu ta ɗaga, kuma na san tambayar, ba sai ya furta ba.

"An gani, Baba. Ni na duba da kaina. Ta mutu tun kafin ka same ta."

Na ɗora akwatin a kan bargo na kwance zaren. Ya sa hannun hagu ya taɓa audugar, ya taɓa 'yar hular. Sannan ya kama hannuna ya ja shi cikin akwatin, ya kwantar. Yatsuna suka tokare wancan bangon akwatin, rabin damtsena yana waje.

Ya dubi hannun, ya dube ni, ya sake duban hannun. Rabin bakinsa ya tashi, wani sauti ya fito, ya sake fitowa, kafaɗarsa tana girgiza. Nas ta taho da sauri, ta zaci shaƙewa ya yi.

"Ƙyale shi," na ce. "Dariya yake min."